Taurarin da nake haɗawa a kwamfuta ba sa kama da na sama, ina gyaran yake?

Sabon_Hannu ya rubuta:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga harkar zane da kwamfuta. An ba ni aikin bangon wani ɗan littafi da aka rubuta wa ɗaliban sakandare a kan rana da wata da taurari, kuma mai littafin yana son bangon ya kasance sararin samaniya baƙi wuluk cike da taurari, da jinjirin wata a gefe guda, da ɗan gajimare mai launi irin wanda ake gani a hotunan da na'urorin hangen nesa suke ɗaukowa. Girman littafin A5 ne, kuma buga shi za a yi a takarda, ba a waya kaɗai za a kalle shi ba.

Hanyar da na bi ita ce wadda kusan kowa yake koyarwa. Na cika leya, wato ɗaya daga cikin shimfiɗun da ake jerawa a kan juna su zama hoto, da baƙi a Photoshop, na zuba mata ɗige-ɗige da Add Noise, sannan na matse hasken da Levels har yawancinsu suka ɓace. Abin da ya rage farare ne masu girma ɗaya da haske ɗaya, sun bazu daidai wa daida daga wannan kusurwa zuwa waccan, kamar an barbaɗa gishiri a kan baƙin mayafi. Duk wanda ya taɓa kwana a tsakar gida a ƙauye a daren da babu farin wata ya san cewa sama ba haka take ba, amma na kasa kama abin da ya bambanta su, balle in san inda zan taɓa. Ina roƙon a nuna mini yadda ake sa taurarin su yi zurfi, a ga na kusa da na nesa, da yadda ake haɗa gajimaren ba tare da ya zama hayaƙi ba. Allah ya saka da alheri.

Tsohon_Mai_Zane ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Hanyar da ka bi ba ta da laifi, tsayawa ka yi a matakin farko, kuma leya ɗaya ba ta taɓa ba da sama mai zurfi komai gyaran da aka yi mata.

Ka fara da fahimtar abin da yake faruwa tsakanin Add Noise da Levels, domin a nan ake samun taurari ko a rasa su. Add Noise yana bai wa kowane fiksel, wato ɗigo mafi ƙanƙanta a hoto, nasa hasken ba tare da wani tsari ba, amma akwai zaɓi biyu a cikin akwatinsa. Idan ka zaɓi Uniform, kowane matakin haske yana samun rabo daidai da na ɗan'uwansa, wato masu tsananin haske suna da yawa kamar masu rauni, kuma daga nan ɗige-ɗige masu kama ɗaya suke fitowa. Idan ka zaɓi Gaussian kuwa, yawancin fiksel suna taruwa a ɓangaren duhu, masu haske suna raguwa sannu a hankali har su zama 'yan tsiraru a can ƙarshe, kuma waɗannan tsirarun su ne taurarinka. Saboda haka Gaussian za ka zaɓa, ka kuma danna Monochromatic don kada ja da kore da shuɗi su cakuɗe maka tun da wuri.

Kafin ka je Levels, ka sa Gaussian Blur na fiksel 1 zuwa 2. Amfaninsa shi ne ya haɗa maƙwabta, ta yadda inda fiksel masu haske suka yi dacen zama kusa da juna za su dunƙule su zama ɗigo ɗaya mai taushin baki, maimakon murabba'i mai kaifi. Bayan haka idan ka buɗe Levels za ka ga tudun da ke nuna rabon haske ya matse zuwa hagu. Ka jawo farar alamar daga dama har ta iso inda tudun ya ƙare, sannan ka turo baƙar alamar daga hagu har ta kusa cim ma farar. Baƙar ita take yanke yawan taurari, tazarar da ka bari tsakaninta da farar kuma ita take yanke ko bakinsu zai yi taushi ko kaifi. Ba zan ba ka lamba ba, domin ta dogara ga yawan ɗige-ɗigen da ka zuba da kuma yadda ka dusashe su, idonka ne zai gaya maka. Abin da zan nace a kai shi ne ka yi Levels ɗin a matsayin leyar gyara da aka maƙala wa leyar taurarin, don ka iya komawa ka sauya ko bayan mako guda idan mai littafi ya ce taurari sun yi yawa, kuma zai ce.

Daga nan sai maganar zurfi. Ni leya uku nake yi. Ta farko ita ce wadda muka gama, ƙanana masu yawa, sai in rage ƙarfinta zuwa rabi ko ƙasa da haka, domin aikinta ta zama ƙurar da ido yake ji fiye da yadda yake ganinta. Ta biyu kwafin ta farko ce da na ninka girmanta da Free Transform, na juya ta, sannan na ƙara turo baƙar alamar Levels har yawancinta ya tafi. Juyawar tana da muhimmanci, idan ba ka juya ba tsarin ɗige-ɗigen zai maimaita kansa kuma mai kaifin ido zai lura. Ta uku da hannu nake yin ta, da buroshi mai taushi, ina sauya girmansa daga tauraro zuwa tauraro, kuma a shafin A5 ba na wuce goma sha biyu zuwa sha biyar. Duk leyoyin nan ka mayar da yanayin haɗuwarsu Screen, wanda yake barin haske ya wuce ya kuma yi watsi da baƙi, ta haka baƙin leyar sama ba zai rufe taurarin ta ƙasa ba.

Abin da ya fi damun hotonka, a ganina, bazuwa ce daidai wa daida. Maganinta Layer Mask, wato mayafin da ake ɗora wa leya, farinsa yana bayyana ta, baƙinsa yana ɓoye ta. Ka sa shi a kan leya ta farko, ka danna shi, ka kira Clouds daga cikin Render, zai cika shi da fari da baƙi a cakuɗe, inda ya yi fari taurari su cunkushe, inda ya yi baƙi su yi ƙaranci. Girman gajimaren da Clouds yake fitarwa ba ya bin girman shafinka, a babban shafi yakan fito ƙanana-ƙanana, don haka ka faɗaɗa shi sosai har ya rage wurare uku ko huɗu masu cunkoso a duk bangon. Sannan ka ɗauki babban buroshi fari mai rauni ka ja hanya a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa, ka bar sauran wuraren su yi shiru. Mutane suna tsoron fili marar komai, alhali shi ne yake sa wurin cunkoson ya yi kyau, kuma a nan za ka ajiye sunan littafin.

Gajimaren kuma da Clouds ɗin ake fara shi, sai dai ka tuna cewa yana ɗaukar launuka biyun da suke kan akwatin launinka a lokacin, don haka ka sa baƙi da launin da kake so kafin ka kira shi. Idan ka bi shi da Difference Clouds sau biyu ko uku zai fitar da jijiyoyi da lanƙwasa, a nan yake daina kama da hayaƙi. Ka sa shi a Screen, ka rufe shi gaba ɗaya da baƙin mask, sannan ka buɗe kaɗan-kaɗan da farin buroshi a inda kake so kawai. Leya biyu masu launi daban, ɗaya ta ɗan zarce ɗaya, sun fi leya guda mai launuka biyar. Kuma tun kafin ka fara komai ka mayar da aikin 16 bit, domin a 8 bit matakan haske 256 ne kacal a kowane launi, kuma a wuri mai duhu da yake sauyawa a hankali za ka ga layuka-layuka sun fito a gajimaren.

Malamar_Fizik ta rubuta:

Malam ya yi bayanin aikin hannu yadda ya kamata, ni ba gwanar zane ba ce, amma tunda littafin na ɗalibai ne, ina so in faɗi abin da ke sama wanda ya sa shawararsa take aiki, da wasu abubuwa da masu zane suke yi waɗanda malamin kimiyya zai gani nan take.

Masana taurari suna jera su ne bisa matakan haske, tsarin da ya samo asali tun zamanin Girkawan da, wanda Norman Pogson ya daidaita shi da lissafi a shekarar 1856. A wannan tsari tauraron mataki na 1 ya ninka na mataki na 6 haske sau 100, wato kowane mataki ya ninka na bayansa kusan sau biyu da rabi. Abin da ya shafi mai zane shi ne yawansu: duk lokacin da aka sauka mataki ɗaya zuwa masu rauni, adadin taurarin yana ninkuwa kusan sau uku. Masu tsananin haske na sahun farko a duk faɗin sama ba su fi ashirin da 'yan kai ba, alhali waɗanda ido zai iya gani a wuri mai duhu sosai sun kai kimanin 9,000, kuma rabinsu suna ƙarƙashin ƙasa a kowane lokaci. Don haka idan ka sa manya 10, na biye da su su kai 30, na bayansu 90, haka har ƙasa. Leya ukun da Malam ya faɗa wannan rabo suke kwaikwaya, kuma rashinsa ne idonka ya ƙi amincewa da shi ko da yake ba ka iya kiran sunansa ba.

Na biyu launi. Taurari ba farare ba ne duka, launinsu yana bin zafinsu. Rigel, wanda yake cikin tarin taurarin Orion, zafin fuskarsa ya kai kimanin digiri 12,000 a ma'aunin Kelvin, shi ya sa yake fari mai sirkin shuɗi. Ranarmu tana kusa da 5,800. Betelgeuse, a cikin Orion ɗin dai, yana wajen 3,500, kuma ido yana ganin jansa. Jerin ke nan, daga shuɗi zuwa fari, zuwa ruwan ɗorawa, zuwa ruwan lemo, zuwa ja, babu kore a ciki kuma babu shunayya. Launin ma sirki ne kawai, kuma a manyan taurari ake ganinsa, domin idon mutum ba ya tantance launi a haske mai rauni. Saboda haka ka bar ƙananan farare, ka sirka manyan da na tsakiya kaɗan, tsakiyar kowane ya kasance fari, launin ya fito a kewayensa.

Na uku shi ne wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, kuma duk azumi sai na gan shi a fastocin gaisuwa: tauraro a cikin jinjirin wata, tsakanin ƙahonninsa biyu. Wata dunƙulallen abu ne, ɓangaren da ba ya haske yana nan bai je ko'ina ba, rana ce kawai ba ta haska shi ta wajenmu ba. Nisansa daga gare mu kimanin kilomita 384,000 ne, tauraro mafi kusa da mu bayan rana kuwa haskensa sai ya yi tafiyar fiye da shekara 4 kafin ya iso, don haka babu yadda za a yi tauraro ya bayyana a gaban wata. A tambari ko tuta ana yin haka a matsayin alama, wannan daban ne, amma a bangon littafin kimiyya kuskure ne da ɗalibi zai ɗauka ya riƙe. Gyaran mai sauƙi ne, ka zana cikakkiyar da'ira baƙa daidai girman watan, ka ajiye ta a saman leyoyin taurari, a ƙarƙashin jinjirin. Idan kana son ƙarin gaskiya ka ba da'irar ruwan toka mai rauni ƙwarai, domin hasken rana da duniyarmu take mayarwa yana ɗan haska wannan ɓangaren, kuma duk mai duban wata ya san ana ganinsa a kwanakin farko. Gefen da yake haske kullum yana fuskantar inda rana take. A ƙasashenmu da suke kusa da tsakiyar duniya, Kano misali tana kan digiri 12 ne arewa, sabon wata bayan magariba haskensa yana ƙasa ne wajen da rana ta faɗi, ƙahonnin suna kallon sama da ɗan karkata, ba a tsaye ba irin yadda ake yawan zana shi. Idan ana son abu mai haske kusa da shi, a sa Zara a gefe, a wajen da'irar, wannan kam yana faruwa, domin ita duniyar Venus ba ta yin nisa da rana fiye da kimanin digiri 47, shi ya sa ake yawan ganinta tare da jinjirin wata.

Na huɗu tsinkayen haske da suke fita daga manyan taurari a hotuna. Ba na tauraron ba ne, na na'urar ne. Hubble, na'urar hangen nesa da aka harba sararin samaniya a 1990, ƙarafa huɗu ne suke riƙe da ƙaramin madubinsa, shi ya sa taurarinsa suke da tsinke huɗu. James Webb, wata na'urar hangen nesan da aka harba a watan Disamba na 2021, madubansa masu kusurwa shida ne, kuma taurarinsa suna fitowa da manyan tsinkaye shida da ƙanana biyu. Tunda na'ura ɗaya ce take ɗaukar hoto ɗaya, duk tsinkayen da ke cikinsa yawansu ɗaya ne kuma alƙiblarsu ɗaya, a mafi haske kaɗai suke fitowa. Wanda ya sa wannan tauraro da huɗu, wancan da shida, kowa yana kallon gabansa, ya tona kansa.

A launin gajimare kuwa kana da 'yanci fiye da yadda kake zato. Shahararren hoton nan na Hubble na 1995, na ginshiƙan ƙura a gajimaren da ake kira Eagle Nebula, launukansa raba su aka yi: hasken sinadarin salfa aka ba shi ja, na haidirojin kore, na oksijin shuɗi, don a bambanta su. A zahiri haidirojin mai zafi ja yake bayarwa, ƙurar da take mayar da hasken taurari kuma shuɗi, irin wadda take kewaye da Kaza da 'Ya'yanta. Ja mai sirkin hoda da shuɗi sun ishe ka. Kuma kada ka manta da ƙura mai duhu, wadda take tare hasken abin da ke bayanta, wato a wasu sassan gajimaren taurari raguwa ya kamata su yi. Idan kana son ganin yadda sama take a ainihi, akwai manhajar Stellarium, kyauta ce, ka sa mata garinku da kwanan wata ta nuna maka, ka ɗauko tsarin Orion ko na Kaza ka ɗora manyan taurarinka a kai, ɗalibi ya samu abin da zai fita waje ya nema.

Sabon_Hannu ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Malam da Malama, Allah ya ƙara basira. Na bi matakan kuma bambancin a fili yake, musamman bayan da na sa mask ɗin na kuma rage manyan taurari. Saura abu biyu. Photoshop ɗin a kwamfutar wurin aiki yake, a gida manhajar zane ta GIMP nake da ita, shin ana iya yin wannan duka da ita? Sannan na gwada buga shafin a ƙaramar firinta, ƙananan taurarin sun ɓace kusan gaba ɗaya, gajimaren ma da ƙyar ake ganinsa, alhali a kwamfuta komai yana nan.

Mai_Ɗab'i ya rubuta:

Ɗan'uwa, wannan na biyun fagenmu ne, kuma gara da ka gwada kafin a kai ga injin. A fuskar kwamfuta tauraro haske ne da yake fitowa, a takarda kuwa babu farin tawada, tauraro wuri ne da aka bari ba a shafa ba, ɗan rami a tsakiyar baƙi. Shafin A5 a ma'aunin ɗigo 300 a kowane inci yana da fiksel 1748 a faɗi da 2480 a tsawo, fiksel ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Tawada tana ɗan bazuwa idan ta hau takarda, kuma baƙi mai zurfi da launuka huɗu ake haɗa shi, kowane da nasa faranti, idan ɗaya ya goce ko da kaɗan ne sai ya rufe ramin da sauran suka bari. Ramin da ya kai fiksel ɗaya ba ya tsira daga wannan. A aikina ba na amincewa da tauraron da bai kai fiksel 3 ko 4 ba a faɗi. Hanya mafi sauƙi ita ce ka haɗa leyar ƙananan taurarin a shafi mai rabin girman naka, sannan ka faɗaɗa ta ta cika shafin, ko kuma ka ƙara Gaussian Blur ɗin kafin Levels. Za su yi maka girma a ido idan ka zuƙo hoton, amma ba a zuƙe mai karatu zai gan su ba.

Sai baƙin kansa. Idan ka bar tawadar baƙi ita kaɗai, bangon zai fito kamar ya koɗe. Idan kuma ka mayar da baƙin RGB, tsarin launin fuskar kwamfuta, zuwa CMYK, tsarin tawada huɗu na ɗab'i, da saitin da Photoshop yake zuwa da shi, yakan ba da haɗin da jimillarsa ta kai 300 cikin ɗari, wanda ya yi nauyi ga takardu da yawa, ya daɗe bai bushe ba, ya kuma ƙara cinye ƙananan taurari. Haɗin da aka saba da shi shi ne 60 na shuɗi, 40 na ja, 40 na rawaya, 100 na baƙi, jimilla 240, amma ka tambayi wanda zai buga maka, shi ya san injinsa da takardarsa.

Gajimaren da ya ɓace kuma laifin hasken fuskar kwamfuta ne, yana nuna maka bambanci a cikin duhu wanda takarda ba za ta iya riƙewa ba. Ka ɗaga haskensa fiye da yadda ranka yake so. Shuɗi mai ƙyalli da shunayya su suka fi mutuwa a CMYK, ka danna Proof Colors ka ga yadda za su koma tun kana aiki. Ka tambaya kuma wace leda za a shafa wa bangon, mai sheƙi tana ƙara wa baƙi zurfi, marar sheƙi tana dusashe shi kuma tana nuna sawun yatsa da ƙarzuwa a kan duhu. Ka haɗa gaba da baya da ƙashin bayan littafin a shafi ɗaya don sama ta zarce ba tare da yankewa ba, ka bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda wuƙar yanka. Idan za ka aika, ka aika PDF ko TIFF. Kada ka tura shi a matsayin hoto ta WhatsApp, yana matse hoto kuma ƙananan taurari ne farkon abin da yake tafiya, ka tura shi a matsayin fayil.

Ɗan_Damagaram ya rubuta:

Game da GIMP, kusan duk abin da aka faɗa a sama yana yi, sunaye ne suka bambanta. A madadin Add Noise ka yi amfani da HSV Noise, ka mayar da Hue da Saturation sifili, ka ɗaga Value. Gaussian Blur da Levels da Screen duk suna nan da sunayensu. A madadin Clouds akwai Solid Noise a ƙarƙashin Render, wanda ni na fi son sa, domin yana ba ka damar zaɓar girman gajimaren da yawan jijiyoyinsa tun daga akwatinsa. Tun daga GIMP 2.10 da ya fito a 2018 ana iya aiki da 16 bit, ka duba ƙarƙashin Image, a 2.10 ɗin sunansa Precision. Akwai kuma Sparkle a cikin Light and Shadow, wanda yake nemo ɗigon da suka fi haske ya fitar musu da tsinkaye, ka sa masa huɗu ko shida, ka tsayar da kusurwarsu wuri ɗaya kamar yadda Malama ta ce. Inda GIMP yake da rauni shi ne CMYK, a RGB yake aikinsa, don haka matakin ƙarshe ka yi shi a wurin aiki ko ka bar wa maɗaba'a.

Amma ina da ja a kan tushen maganar. Tunda littafin kimiyya ne, me zai hana a sa hoton gaskiya? Hotunan NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, galibinsu ba su da haƙƙin mallaka, tambarin hukumar ne ba a yarda a ɗauka ba, waɗanda hukumar ESA ta Turai take fitarwa na Hubble da Webb kuma an yarda a yi amfani da su matuƙar an rubuta sunan masu su a inda za a gani. Hoton Carina Nebula da Webb ya fitar a watan Yuli na 2022 faɗinsa ya haura fiksel 10,000, ya ishi bangon A5 har da ragi mai yawa. Ɗalibi zai riƙe wurin da yake akwai, kuma za a iya rubuta masa sunansa a bayan littafin.

Tsohon_Mai_Zane ya rubuta:

Maganarka tana da ƙarfi, ɗan'uwa, kuma da hoton ciki ake nema da na bi bayanka ba musu. Bango kuwa yana da buƙatun da hoton gaskiya ba ya la'akari da su. Sunan littafi yana son wuri mai shiru, hotunan Webb kuma cike suke maƙil, duk inda ka ajiye rubutu sai tsinken wani tauraro ya ratsa harafi. Sannan mai littafin ya nemi jinjirin wata, kuma da zarar ka ɗora wata a kan Carina ka haɗa abu biyu da babu na'urar da za ta ɗauke su tare a wannan girma, hoton ya daina zama na gaskiya, gara a san zane ne tun farko. Idan mai littafin zai haƙura da watan, to a ɗauki shawararka, a rubuta sunan masu hoton a bangon baya.

Sabon_Hannu, idan ka zauna a kan zanen, ga yadda nake yin tsinkayen a Photoshop tunda ba shi da Sparkle. Ka kwafi leyar manyan taurarin, ka goge duka sai uku ko huɗu mafi haske, ka yi kwafi biyu, ka sa wa ɗaya Motion Blur a kusurwar sifili, ɗayar a 90, da tsawo ɗaya. Za su yi rauni sosai bayan haka, sai ka haɗa su ka ɗaga haskensu da Levels, ka mayar da leyar Screen. Idan kana son su karkata, ka sauya kusurwoyin biyu tare, misali 20 da 110, wanda daidai yake da 70 da alamar ragi a gabansa. A ƙarƙashin sunan littafin kuma ka shafa baƙi mai rauni a mask ɗin leyoyin taurari duka uku, ka bar tazarar kamar milimita 2 a kewayen haruffan, don kada wani ɗigo ya zauna kusa da harafi a karanta shi a matsayin aya ko waƙafi.